Furen da Ya Karkace

Wata Laraba cikin damina, ina 'yar shekara goma sha uku, na tashi da fargaba ɗaya: kada lallen da na zana wa Yaya Habiba ya ƙi kamawa. Karo na farko ke nan da Goggo, wadda ta koya mini ƙunshi, ta bari na taɓa hannun mutum. Kafin nan a ƙasan tsakar gida nake koyo da tsinke, in na gama surfe na zuba wa awaki dusa. Da Yaya ta wanke hannu, lalle ya kama jawur, sai dai furen tafin hagu ya karkace. Ta yi dariya ta ce, "Ke Ladidi, wannan fure ne, ko kaza ce ta taka?" Haka ta tafi da shi kasuwar garinmu, can arewa kusa da iyaka, ina biye da ita da kwando.

Na tsaya wajen mai tsamiya, ita ta wuce layin 'yan hatsi. Sai bam ya tashi. Ina ganin mutane na buɗe baki, ba na jin komai. Da la'asar aka jera gawarwaki a lulluɓe, aka rasa mai gane Yaya. Ni na gane ta, da furen nan.

Baba ya kwaso mu zuwa Briqueterie, unguwar Hausawa a babban birnin ƙasarmu, wajen ƙaninsa tela. Yau da ƙunshi nake ci. Amare daga unguwar Nkomkana har Elig-Edzoa suna nemana, suna kuma ƙorafi, don kowane hannu sai na karkata fure ɗaya. Na gwada dainawa, yatsuna sun ƙi. Hayaƙin masu tsire kuwa, da ya shigo ɗaki nake rufe taga, don ranar kasuwar nan yake tuna mini.

Da can lalle kwalliya ne a wurina, yanzu shaida ce. 'Yata Ummi ta shiga makarantar yara bana, kuma ba ta fita sai da fure a tafinta. Malamarsu ta ce ran Litinin ko a zo da hannu fari, ko yarinya ta zauna gida. Na je in yi bayani, Faransancina bai wuce na cefane ba. Ina nuna mata tafin, tana girgiza kai tana cewa, "Non, madam." Ummi na jan hijabina, tana tambaya ko laifi ta yi.

Ina so ta yi karatun da ban samu ba, amma ba zan iya sakinta titi babu alama ba. Don Allah mata 'yan'uwana, wadda ta iya Faransanci cikinku ta raka ni makarantar ran Litinin, ta faɗa wa matar nan abin da na gani.