Farantin Inna a Bango

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan, amma zancen farantin Inna zai bi ni har kabari.

Farantin tangaran ne, fari mai zanen furanni shuɗi a gefe, sai mutum ya ware hannu biyu kafin ya iya ɗaukarsa. Kakata ce ta saye shi a Jidda bayan ta sauke farali, da niyyar ta kai shi ƙasar Hausa. Tafiya ta tsaya a Umdurman, aka yi aure, aka haihu, faranti ya zama na Inna. Shi kaɗai ne abin uwarta da ya rage a hannunta.

To mu a unguwarmu ba a hana maƙwabci aron kwano. Suna ne, biki ne, zaman makoki ne, ko shan ruwan azumi da ake shimfiɗa tabarmi a titi, sai an aiko a ari farantin. Inna za ta bayar tana murmushi, sannan abinci ya ƙi shiga bakinta har sai ya dawo. Ni kuma ake turawa in karɓo, bayan na yini ina tuƙa raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya, rana tana gasa ni. Wallahi na gaji da farantin nan tun kafin komai ya faru.

Ranar da ya dawo gefensa ya ɗan ɓantare, Inna ta daɗe tana shafa wurin da yatsa. Can ta ce, "Babana, manna mini shi a bango."

Na ce, "Inna, ai sai a kafa ƙusa a rataye shi."

"Abin da aka rataye ana sauke shi. Ni ba zan yi wa maƙwabci ƙarya ba, kuma bakina ba zai iya cewa a'a ba. Ka manna shi yadda in an zo sai dai in nuna da yatsa, kalas, shi ke nan."

Na je kasuwa na sayo gam irin na magina, mai zuwa cikin bututu ana matsa shi da wani ƙarfe. Mai shagon ya ce, "Ya zol, mutumina, wannan in ya kama ya kama fa." Na ce ai abin da ake so ke nan. Na kankare fenti har na tarar da siminti, na goge bayan farantin da samfefa don gam ya samu wurin kamawa, na matsa shi layi-layi ba rowa. Sannan na ɗaga na danna. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi yana shiga mini ido, Inna tana bayana tana cewa ya karkace hagu, a'a dama. Da ƙyar na tokare shi da katako da buhun gawayi, muka bar shi ya kwana biyu a haka.

Dabara ta yi. Maƙwabciyarmu ta farko da ta zo aro ta tsaya tana kallon bango baki buɗe. Inna ta ce, "Malesh, yi haƙuri, yaran zamani ne, kin ga abin da ya yi mini." Ni aka ɗora wa laifin, na kuma karɓa da hannu biyu tun da na huta da yawo. Muka yi shekaru a haka, Inna tana share masa ƙura kowace safiya da gefen mayafinta.

Sai yaƙi ya zo. Mun daure iya daurewa, ruwa ya yanke, burodi ya gagara, kullum ƙarar harbi tana matsowa. Wata safiya aka ce akwai mota mai fita gari, kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya. Na shigo ɗaki na tarar da Inna a tsaye a kan kujera, da wuƙar girki, tana ta zura ta bayan farantin. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ban san yadda ta hau ba.

Na sauke ta, na ɗauko guduma da wani ƙarfe mai faɗin baki. Na buga, siminti ya zubo, faranti ko gezau. Direba yana ta danna oda a waje. Na ƙara bugawa, sai muka ji ƙas, wani siririn tsagi ya bi ta cikin furannin.

Inna ta riƙe mini hannu. "Bar shi, Babana. Gara ya zauna a bango da in tafi da shi gutsu-gutsu a ƙulli."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi ta fita, na ajiye guduma na bi bayanta.

Da abubuwa suka lafa na koma ni kaɗai in duba gidan. An kwashe komai, ƙofofi, tagogi, har wayar wuta an zare daga bango. Farantin yana nan, ƙura ta rufe shi, ga sawun ƙarfe kewaye da shi inda wasu ma suka gwada suka gaji. Na kira Inna a waya daga tsakiyar ɗakin.

"Yana nan?"

"Yana nan, Inna."

Ta yi 'yar dariyar da ba ta da ƙarfi. "To, alhamdu lillahi. Ka share masa ƙura."

Na share da hannun rigata. Ita ba ta sake ganinsa ba, a can inda muka yi gudun hijira Allah ya karɓi abarsa. Tun daga nan na daina ɗaure abin da nake ƙauna da ƙarfi haka. Mun tsare farantin nan har ba wanda ya iya raba shi da bango, kuma wadda ya fara gagara ita ce mai shi.