Burodi Mai Ƙanzo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata Kulu. Duk lokacin da wannan watan ya kama nakan yi niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in kasa. A bana, zuwa gidan burodi ne ya buɗe mini baki.

Kulu 'yar Gulma ce, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda Birnin Kebbi ta fi garinsu da komai ba, in ban da burodin Baba Altine. Gidan burodin nasa yana bayan layinmu a Gwadangaji. A lokacin murhun laka gare shi mai cin itace, kuma duk burodin da ya jingina da bangon murhun yakan fito da gefe ɗaya a ƙone. Kowa gudunsa yake yi, ita kuwa shi take so. Ranar da ta fara biyawa ta wurinsa, a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya, cewa ta yi a ba ta mai ƙanzo, sai ka ce tukunyar tuwo ce a gabanta. Baba Altine ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da yake bai taɓa jin burodi da ƙanzo ba. Ni ma na sha yi mata tsiyar ƙauyanci, ko a jikinta. Daga ranar ya riƙa ware mata guda.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. A wani asibiti a Argungu ta cika, kusa da danginta, ta bar mini Hafsatu tana 'yar shekara uku. Na yi haƙurin rashin yadda Allah ya ba ni iko, amma abu ɗaya ya ƙi barina: yarinyar ba ta tuna uwarta. In na nuna mata hoto sai ta kalla cikin ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa, ta miƙo mini. Ba ta taɓa tambayata wace irin mace ce ba. Ko kamanni nawa ta ɗauko. Tsorona shi ne ranar da na bi bayan Kulu a rasa mai tuna ta a gidan nan. Layin Baba Altine kuwa na daina binsa, kalmar ƙanzo ma ban ƙara furta ta ba.

Makon jiya Hafsatu ta ci jarrabawa, ta ce kek take so, kuma na can bayan layi da ƙawayenta ke yabo. Ban sami hanyar zillewa ba, muka tafi bayan la'asar.

Da kyar na gane wurin. Ɗan Baba Altine ya karɓi ragama, an rushe murhun laka an kawo na gas. Ga kek da donat da cincin cikin gilashi, ga burodi mai kwakwa da mai madara, kowanne sumul, launi ɗaya. Na san abin da Kulu za ta ce: an sa musu kayan makaranta. Za ta yaba tsabtar, ta saya don kada a ji kunya, a hanya kuma ta ce babu wanda ya ga wuta a cikinsu. Tsohon yana gefe a kan benci, idonsa ya yi rauni, ko ni bai shaida ba.

Hafsatu ta zaɓi kek ɗinta. Sai ta ɗauki burodi guda, ta juya gindinsa, ta ɗauki wani ta juya, ta dubi mai sayarwa.

“Babu mai ƙanzo?”

Mai sayarwar ta kwashe da dariya. Baba Altine ya ɗago kai.

“Wa yac ce ƙanzo? Ɗiyar Kulu ta?”

Na tambaye ta inda ta ji kalmar, ta ce ba ta sani ba, ita ta ɗauka sunansa ke nan. Tsohon ne ya ba mu amsa. Ya ce tun a bakin ƙofa Kulu takan ɓantari gefen da ya ƙone, ta miƙa ta kan kafaɗa ga goyon da ke bayanta. Sannan ya sa ɗansa ya mayar da burodi ɗaya wuta, ya ce kada a fitar sai ya ji ƙauri.

Kulu ba ta bar gona ba, kayan ɗakinta kuwa an raba tuntuni. Ina can ina neman ta a fuskar yarinyar, ashe a bakinta take. Allah Ya jiƙan ta, Ya haskaka makwancinta.

A hanyar gida Hafsatu ta ɓantari ƙanzon, ta tauna a hankali, ta miƙo mini ragowar.

“Baba,” ta ce, “mi kuma Inna ka so?”