Ranar da Akwatin Gem Ya Buɗe Baki

Shekarun da na yi ina tuyar ƙosai a bakin tasha a Gwarzo, bango ɗaya ne ya raba kaskona da ɗakin gem na wani Alhaji. A ciki akwai akwati mai tsayin mutum, da gilashi a gaba kamar talabijin, da ɗan ƙarfe da ake murzawa ana harbin jirage. Tun safe yake kiɗa, kiɗa ɗaya, ba ya gajiya. Na tsane shi. Na kafa wa 'ya'yana doka: wanda na ga ƙafarsa a ƙofar nan, da cokalin tuya zan tare shi.

Ɗan farina bai taɓa shiga ba. Allah da ikonsa, sai ya girma ya zama mai gyaran rediyo da talabijin.

Bara Alhajin, wanda tsufa ya mayar da shi Kabo, ya fito da tarkacensa zai sayar wa 'yan gwangwan. Ɗana ya ji labari, ya je ya ɗauko akwatin a mota, ya sauke mana a tsakar gida. Alhaji ya ce masa hoto na fitowa, amma abin ya zama bebe. In ya dawo masa da muryarsa yadda take, ya riƙe shi kyauta. In ya kasa, ranar kasuwa mai gwangwan zai zo da gudumarsa.

Ɗana ya buɗe bayan akwatin ya zaro wani koren allo, duk layi-layi kamar kunyoyin gona. Ina daga gefe ina tsince wake, ina kallo ta wutsiyar ido. Ya nuna wa matarsa wasu 'yan ganguna da ke tsaye a kai, ya ce kafasita sunansu, sun kumbura. Na leƙa. Wallahi kamar kaska ta ƙoshi a kunnen saniya! Ya narka dalma ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya sa sababbi. Ya taɓa wani wuri da ɗan yatsa, lasifika ta yi gurnani. Ya yi tsalle, mutum da furfura a gemu.

"Tana da rai! Wallahi tana da rai!"

Kashegari kiɗa ya fito. Ya tafa hannu, matarsa ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa waken ya tsaya a hannuna. Kiɗan ne, amma ya rame. Kamar an yi miya an manta gishiri.

To, mu a gidanmu, tun iyayenmu na kiwo a wajen Durun, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. In da magana, matarsa nake faɗa wa, ko da yana zaune a gabana. Na ce da ita, "Ki gaya wa maigidanki ya daina rawar kai. Ba haka yake kuka ba."

Ta juya ta ce, "Ka ji, in ji Inna."

"Tambaye ta yaya yake yi."

"Murya biyu ce," na ce da ita. "Siririya a sama, mai kauri a ƙasa tana biye da ita. Ta ƙasan ce babu."

Ya dafe kai. Shi bai taɓa jin sa da kyau ba, ta ina zai gane? Matar, mai bakin tsiya, ta ce, "Inna, magana dai na iya kaiwa. Kiɗa kuwa sai mai shi. In na ɗauko, kafin in juya ya zube."

Na harare ta. Ni da ko a bikin 'ya'yana ban buɗe baki na yi waƙa ba! Amma gobe kasuwa, kuma na ga yadda yake shafa allon nan kamar ɗan maraƙi. Na juya baya, na fuskanci bangon rumbu, na gyara mayafi. Na ce ni da rumbu nake yi, wanda ya ji ruwansa. Sannan na saki: dum, dum-dum, dum, dum-dum-dum. Ashe duk yana nan a kaina, ba abin da ya ɓace.

"Ƙara, Inna!" Ya manta da matar gaba ɗaya. "Don Allah ƙara!"

Na ƙara. Ya ce ashe hanya ɗaya ce ta toshe. Ya bi layin da ido har ya kai kan wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa kamar shanshani. Ya ɗaga shi a hankali, sai ga ƙafa ɗaya ta yi tsatsa, ta yi kore. Ya kankare ta da reza, ya goge ramin, ya mayar ya danna da babban yatsa. Ya kunna.

Jama'a! Muryar ƙasan ta faɗo tsakar gidan nan har kaji suka watse. Ban san lokacin da na miƙe ba, faifan wake ya kife.

"Shi ne! Ɗan banza, shi ne!"

Da hantsi ranar kasuwa Alhaji ya iso, mai gwangwan na bayansa da kura da guduma. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da jikin tsufa, sannan aka kunna. Alhaji ya karkata kunne, ya saurara har kiɗan ya zagayo. Sai ya miƙa wa mai gwangwan sandarsa ya ce riƙe mini, ya kama ɗan ƙarfen nan da hannu biyu.

"Alhaji, in sauke guduma ko in tafi?" in ji mai gwangwan.

"Tafi, Malam, tafi! Kai, matsa mini daga haske, jiragen nan za su kashe ni!"