Ragon da ya jira shekara huɗu

Shekarun baya, zamanin mulkin farar hula na biyu, ni saurayi ne marar zama wuri ɗaya. Daga aji huɗu na gudu firamare. Yau lodin albasa a Boɗinga, gobe gyaran keke a Kajiji, jibi in ce ɗinki zan koya. Mahaifiyata ta yi mini aure ko na natsu.

Abu ɗaya na sani game da mata, shi ma abokina ya faɗa mini a tasha: in mace ta yi wata biyu ba fashin salla, ciki ne. Sai na koma mai gadin butar matata. Wata uku cur tana salla. Ban tambaye ta komai ba. Ranar kasuwar Shagari na sayo ɗan rago fari, na ɗaure shi bayan keke, na shigo gida ina kaɗa ƙararrawa.

Inna ta ce, "Wanga hwa, na mi na?"

Na ce, "Na suna na, Inna."

Ta rangaɗa guɗa. Matata na bakin murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ce kunya ce.

Bayan mako guda na dawo da la'asar, na iske ta bayan ɗaki, buta cike a gabanta, tana hawaye.

"Lahiya?"

Ta ce, "Malam, kwana ukku ke nan ba ni salla. Buta nika cikawa in zubas, kar Inna ta gane. Tun ina gidanmu haka nike, wani lokaci wata ukku ban gani ba, wani lokaci huɗu. Ƙawayena sun ce mai irin wanga ba ta haihuwa. In maishe ni gida za ka yi, ka hwaɗa min tun yanzu. Ragon ga ko kukanai na ji, gabana hwaɗuwa shikai."

Ni da bakina ba ya mutuwa a tasha, da ƙyar na ce, "Ai ragon bai ce sauri shikai ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Ni na je na faɗa wa Inna cewa lissafina ne ya ɓaci. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wanda yag gudu aji huɗu, ina shika iya lissahi?" Ta dama fura ta kai wa yarinyar da kanta.

Muka je asibiti Sakkwato. Malamar asibiti ta ce akwai mata da yawa masu haka, ɗaukewar jini ba kullum ciki ba ne, ba kuma shi ne rashin haihuwa ba. Ta ba ta magani, ta ce ta riƙa dawowa. Ni ma ta ce sai an auna ni. Na so in gudu, matata ta riƙe mini riga.

Sai zamani ya yi tsanani. Sabulu ma sai an yi layi, dusa ta yi wuya. Abokina ya ce in sayar da ragon. Matata ta ce in na sayar, ta san na fid da rai. Don neman dusarsa na kafa gyaran keke ƙarƙashin itace ɗaya, ban sake gusawa ba.

A shekara ta huɗu ta yi wata biyar tana salla. Na gani, na kama bakina. Ita ta kama hannuna wata safiya ta aza a cikinta, wani abu ya shure ni.

Ɗiya mace aka samu. Ragon ya tsufa, namansa kamar tayar keke, Inna sai romo ta sha. Matata ta ƙi ci, ta ce ita ta yi kiwonsa.

Har yau in na tuna, kwana ukun nan ke damuna, da ta yi tana zubar da ruwa ita kaɗai don tsorona. Na iya ƙirga sallarta, ban iya tambayarta ba. Fatar ragon aka jeme aka yi mata buzu. Gashin duk ya cinye wurin goshi, amma a kansa take salla har yanzu, ni kuwa na daina ƙirge.