Hannun da Ya Nuna Gabas

A Dogo-Dogo, zamanin Faransa, in ana maganar hanyar Kano to Saminu ake nufi. Shekara ashirin yana jan ayarin jakunan garin, su tafi da gyaɗa, su komo da atamfa da goro, bai taɓa bari 'yan duwan, wato masu kwastan na kan iyaka, sun ga ko ƙurarsu ba. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya jure a yi masa dariya.

Wata ranar kasuwa, bayan an cire amfanin gona, wani ƙaramin jirgin sama ya sauka a fili bayan gari. Daga Damagaram ya taso zai je Kano, ya ɓace hanya. Jama'a suka watsar da ciniki suka kewaye shi. Wani gardi, wato ɗan sandan Faransa, mai suna Musa, da kumandan mai mulkin yankin ya aiko daga Magarya, shi ya yi tafinta.

"Nasara yana tambaya, ina Kano take, kuma nisanta nawa?"

Aka turo Saminu gaba. Ya gyara hula, ya miƙa hannu gabas. "Nan. Kwana shida."

Matuƙin ya dubi takardarsa, ya dubi hannun, ya tuntsire da dariya. Ya nuna kudu maso yamma, ya ɗaga yatsa ɗaya.

Musa ya ce, "Wai ko awa guda ba zai yi ba. Kuma wai in ya bi hannunka, Barno zai kwana. Ashe jagaban naku bai san Kano ba!"

Baƙin kasuwa suka kwashe da dariya. Da Saminu ya haɗiye, da shi ke nan. Ina! Zuciya ta ɗebe shi.

"Ni ne ban san Kano ba? Shi tsuntsu ne, wa zai tare shi? Mu gabas muke fara yi, mu kwana rijiyar kuka uku, mu zaga ta bayan duwan, kana mu..."

Sai ya ga 'yan garin duk sun sunkuyar da kai. Musa kuwa ya bar dariya, yana sauraro da kyau. Magana zarar bunu.

Jirgi ya tashi. Bai kai la'asar ba yana Kano. Mako biyu bayan haka 'yan duwan suka tare ayari a rijiyar kuka uku, suka kwashe kaya da jakuna duka, har da jakin Yakura, gwauruwar da ke makwabtaka da Saminu, wadda ba ta da wani jakin.

Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi ci masa rai. Kunya ta hana shi zaman dandali. Da safe yakan ga Yakura ta wuce da tulu a ka, tana gaishe shi kamar kullum, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya yi shekara talatin bayan haka yana noma gero. In baƙo ya tambaye shi hanya, ko ta rijiyar gari ce, sai ya sa hannunsa cikin aljihu ya ce, "Tambayi na gaba."