Ƙwaya shida da na hana

Sojoji sun yi ƴan shekaru da komawa bariki lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tarauni, ina da jika. Abin da na fara karantawa da kaina rubutun jikin kwalin magani ne.

Jikar tawa ce ta kamu da gudawa tana shekara ɗaya da rabi. Uwarta ta ce haƙori ne. Na ce haƙori ba ya zurma ido, na goya ta sai asibitin unguwa. Nas ta ba mu garin gishiri da sukari, da ƙwayar zinki goma, ɗaya kullum.

Na ce, "In gudawar ta tsaya fa?"

Ta ce, "Ko ta tsaya, Inna. Gudawar ta wanke mata zinkin jiki. Ƙwayar cuta ma nemansa take yi: in ta ji ya yi ƙaranci ta buɗe ƙofofinta ta wawura, in ta ƙoshi ta rufe. Ita kuwa yarinya sai an mayar mata da abin da ta rasa, in ba haka ba ciwon ya dawo."

A gidan hayarmu na Gyaɗi-Gyaɗi magani ba shi da mai shi. Wanda ya warke, ragowarsa ta na gaba ce, kamar aron turmi. Ni ma na sha yi.

Kwana huɗu gudawa ta tsaya. Washegari matar direban bas ta ɗakin ƙarshe ta ɗaga mini labule, ɗanta a kafaɗa, shi ma gudawa ta sa ya yi laushi.

"Inna, an ce ta warke. A sam mini ragowar."

"Babu ragowa."

"Ga shi can a kan faifai ina gani!"

"Shida ne, kuma nata ne. Kwana goma aka rubuta."

"To fa! Daga shiga makarantar tsofaffi har an zama likita?"

"Ɗauko mayafinki mu je asibiti."

Ta ce mijinta na hanya, ba ta fita sai da izininsa. Na ce ni ba ni da wanda zan tambaya, ta miƙo yaron in kai shi. Ta daɗe a tsaye kafin ta miƙo. Na kai shi, na dawo mata da nasa goman, na ƙirga mata kwanakin da yatsu. Ba ta yi godiya ba, kuma har watan ya ƙare ba ta gaishe ni ba.

Jikata ta shanye nata tas, ciwon bai dawo ba. Shi yaron kwana uku ya sha. Sauran bakwai ɗin na gan su a hannun maƙwabciyarmu matar tela.