Cokali Biyu, Safe da Yamma

Shekarar da muka tare a gidanmu na Gwallameji ita ce shekarar da 'yata ta fara farfaɗiya. Tana da shekara uku da 'yan watanni. Tana cikin wasa a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi, ta sandare, idanunta suka juye. Bayan gwaje-gwaje a asibiti aka ɗora ta a kan wani maganin ruwa, safe da yamma, aka ja mini kunne kada in tsallake ko sau ɗaya.

Na ajiye koyarwar da nake yi a wata firamare a Yelwa, don babu wanda zan iya bar wa ita. Gidan da ke damanmu ko rufi ba a yi masa ba lokacin, na hagu kuwa ma'aikata ne, sai magariba suke dawowa. Maigidana yakan fita da safe ya ja ƙofar ƙarfe, daga nan sai ni da yarinya da katanga. Ko wanka na shiga, ƙofa a buɗe nake bari ina leƙenta. Biki da suna duk na daina zuwa, saboda tsoron kada ta faɗi cikin mutane a yi ta kallonta.

Yayan maigidana likita ne, na tiyatar manya. Shi ya riƙe maigidana tun rasuwar mahaifinsu, ya sa shi makaranta, ya kuma nema masa aurena. Duk dangi Yaya Likita muke ce masa, kuma abin da ya faɗa a kan ciwo ya zauna. Wata rana ciwon ya tashi sau biyu a yini ɗaya, maigidana ya kira shi a waya. Yaya yana tsakiyar aiki, ya ce a ƙara maganin, a riƙa ba ta cokali biyu. Da ma da ɗan murfin awo nake auna mata. Da na ji an ce cokali, sai na ɗauko wanda take cin shinkafa da shi. Ban tambaya wane cokali ba. Ban saba tambayar Yaya komai ba bayan gaisuwa.

Faɗuwar ta tsaya, kowa ya yi hamdala. Amma yarinyar ta zama wata daban. Takan yi barci har azahar, in ta tashi tana tangaɗi tana dafa bango, yawu na zuba a rigarta. Waƙoƙin Islamiyya da take kwaikwayo daga bakin yaran unguwa duk ta daina. Da na yi wa maigidana magana sai ya ce hutawa take yi, ƙwaƙwalwarta ta sha wahala.

A wani famasi da ke hanyar Yelwa nake sayen maganin. Mai wurin wata dattijuwa ce 'yar wajen Bogoro, mai harhaɗa magunguna ce da ta yi shekaru a asibitin gwamnati kafin ta yi ritaya. Madam kowa ke ce mata. Tana da ɗabi'ar rubuta ranar da ta ba ka magani a jikin kwalinsa. Ran nan na hau keke da yarinya a goye, na miƙa mata tsohon kwalin na ce a ba ni irinsa. Ta duba rubutunta, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko kwalbar ta zube ne. Na ce a'a. Ta ce ai wannan ya kamata ya kai wata guda, ga shi ko mako biyu bai cika ba.

Ta sa na sauke yarinyar, ta ɗora ta a ma'auni, ta ce ta tako zuwa wurinta. Taku uku ta yi ta zube a gwiwa. Madam ta tambaye ni yadda nake auna maganin, na faɗa mata. Ta aika aka karɓo mata cokali irin nawa daga mai abinci a maƙwabta, ta cika shi da ruwa, ta zuƙe da sirinji marar allura, ta nuna mini. Cokalina ɗaya ya kusa biyun wanda likitoci ke nufi. Ta ƙara da cewa ko da cokalin daidai ne, abin da aka ce a ba ta ya yi wa nauyinta yawa.

"Maman yarinya, ba ciwon ne ya kwantar da ita ba, maganin ne," in ji ta. "Amma kada ki tsayar da shi, in an yanke farat ɗaya zai iya tayar da abin da ya fi na da. Ni ma ba ni da ikon canza shi. Ki kai ta wurin likitan yara yau ɗin nan."

Ta ba ni sirinjin, ta ja layi da biro a inda cokali biyu na gaskiya ya tsaya, ta ce kada in wuce nan kafin likita ya gan ta.

Ban kai ta ranar ba. Ba na zuwa asibiti sai da sanin maigida, kuma da ya dawo da la'asar na faɗa masa, sai ransa ya ɓaci. Ya ce yanzu maganar mai sayar da magani zan ɗora a kan ta Yaya? In muka kai ta wurin wani likita, a asibitin da kowa ya san Yaya, ai mun nuna wa duniya cewa ya yi kuskure. Ya ce a bari sai ƙarshen mako in mun je gaisuwa, zai san yadda zai shigo da zancen. Ranar Talata ce.

Da lokacin maganin yamma ya yi, na zauna a bakin katifa da sirinji da ragowar tsohuwar kwalba a hannu. In na ba ta, na san abin da nake ɗura mata. In na hana ta, na san abin da zai iya biyo baya. Iyayena suna Azare, kuma ko na kira su, haƙuri za su ba ni. Na ɗaga kanta na ba ta zuwa layin biron, ta haɗiye ba tare da ta buɗe ido ba. Na daɗe ban tashi daga wurin ba.

Washegari na ce zan je karɓo sabuwar kwalba, wanda gaskiya ne, don jiya ban karɓa ba. Da Madam ta gan ni ta tambayi abin da likitan yara ya ce. Sai hawaye suka zubo mini. Ta shigar da ni ciki, na faɗa mata komai. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce ta yi shekaru tana kiran likitoci a kan irin wannan, aikinta ne, ba nawa ba. Ta nemi lambar Yaya. Na san zai gane daga inda ta samu, amma na ba ta.

Ina zaune ta kira shi. Ta gaishe shi da girmamawa, ta faɗi ko ita wace ce, ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai 'yarka a gabana, ina so in tabbatar da awon kafin in bayar. Na auna ta yanzu." Ta faɗi nauyin, ta faɗi yadda yarinyar ke tafiya, ta kuma ambaci cokalin.  Yaya ya ce shi ya ɗauka ta fi haka nauyi, ya kwana biyu bai gan ta ba. Ya ce a wuce da ita sashen yara yanzu, zai kira wanda ke kan aiki.

Kwana biyu muka yi a asibiti, aka ɗebi jini, aka riƙa rage maganin a hankali. Maigidana ya zo ya yi ta ɗawainiya, bai ce mini komai ba a kan wayar, har yau. Yaya ya leƙo sau ɗaya, ya duba takardunta, ya amsa gaisuwata a taƙaice. Daga baya na ji a bakin matarsa cewa ya ce da na kira shi da kaina, ba sai na haɗa shi da bare ba. Wata da watanni gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau.

Cikin mako na biyu yarinyar ta fara gudu a tsakar gida, har ta fasa mini kofin gilashi. Ciwon bai rabu da ita ba, yakan zo jefi-jefi, kuma ban koma aji ba sai da ta shiga firamare huɗu. Shi ma a makarantar da take na nemi aiki, aka ba ni ajin da ke kusa da nata.